Na Je Damagaram Nema wa Dawa Miji

Tun da na dawo ba a bar ni na auna hatsi cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zo rumfata a kasuwar Gwaram, kafin ya taya mudu sai ya ce, "Alhaji Sani, wai da gaske ne ka je har ƙasar Faransi nema wa dawa miji?" Da gaske ne. Amma labarin ya fara yin rassa a bakin mutane, har na ji ana cewa da ƙwaryar goro na tafi. Ban tafi da goro ba, gwangwani na ɗauka. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda aka yi, mai dariya ya yi ta a kan gaskiya.

Asalin abin bara ne. Shekarun fari sun tsorata manoma, kowa na cigiyar iri mai saurin nuna. Sai wani direban babbar mota da muke hulɗa ya kawo mini buhun dawa daga kasuwar Damagaram, fara tas, ƙwayoyinta kai ɗaya kamar 'ya'yan carbi. Ya ce an gaya masa daga wata gonar gwaji ta fito, gajeriya ce, tana nuna kafin ruwa ya ɗauke. Ban ƙara tambaya ba. Ni da nake tauna gyaɗa kafin in saya, ranar nan ido kawai na ba aiki.

Wanda na fara kai wa shi ne Baffa Buba na Maruta, aminin marigayi mahaifina, Bafulatanin da ya daɗe da zama yana noma yana kiwo. Mu Barebari ne ta wajen uba, don haka tsakanina da shi ba a rasa tsokana, amma ya yarda da ni kamar ɗan cikinsa. Na yi ta zuba masa zance har ya ba ni tsohon irinsa duka, na ba shi sabon. Tsohon kuwa na sayar wa masu tuwo a tasha.

Dawar ta fito kamar an jera sojoji. Mutane har daga Basirka suke zuwa kallo, ni kuma ina tsaye a bakin gona ina karɓar yabo. Da ta fitar da kai sai aka yi ta jiran ƙwaya. Shiru. Zangarniya ba komai sai ƙaiƙayi da wani ruwa mai danƙo da ƙudaje ke bi. Gefe ɗaya ne kawai ya yi ido, wanda ke maƙwabtaka da dawar wani manomi.

Baffa bai ɗaga mini murya ba. Ya murza zangarniya a tafin hannunsa, ya hure, ya ce, "Babarbare, dawarka kyakkyawa ce, sai dai juya ce." Sai da ya sayar da shanu kafin gidansa ya ci tuwo a ranin nan. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ya adana 'yar ƙwayar da gefen nan ya bayar, ya ce ai waɗannan sun nuna suna haihuwa, su zai shuka bana a gonar duka. Idan ta sake yi masa haka, sauran garken zai tafi, ni kuma daga Maruta har Surko ba wanda zai ƙara karɓar iri daga hannuna.

Sai na zauna na yi tunani irin nawa. Na tashi a Birnin Kudu ina ganin yadda ake yi wa dabino aure: a yanko furen namiji, a shanya, a adana ƙurarsa, a kaɗa wa mace, ta yi 'ya'ya. Na ce ai shi ke nan, wannan dawar rabo ta aka yi da mijinta. In na je inda ta fito na sayo ƙurar namijinta, magana ta ƙare, tunda kyan ɗa ya gaji ubansa, uba nagari kuwa shi ke gyara gida.

Na hau babur zuwa Birnin Kudu, na biya wajen Inna in yi mata sallama. Na roƙe ta gwangwanin madarar da take ajiye daddawa, don murfinsa yana kamawa sosai. Ta juye daddawar a ƙwarya, ta miƙo mini, ta ce, "Ban tambaye ka me za ka yi da shi ba, don kada in ji abin da zai hana ni cin abinci. Ka dai dawo mini da kayana."

Daga nan zuwa Kano ba abin faɗi sai ƙarar motocin siminti a sabuwar kwalta. Daga Kano na shiga a-kori-kura mai zuwa Damagaram ta hanyar Daura. Na sa babbar rigata mai aiki don a san ba ƙaramin mutum ne ya taso ba, aka ba ni wuri kusa da wani rago wanda shi ma bai ɗauki kansa ƙarami ba. Kafin mu kai Kazaure ya ɗanɗana aikin wuyan rigar ya ga bai yi masa ba.

A iyaka, a Kwangwalam, jami'in wajenmu ya dubi rigata ya ce in wuce. Na wajensu kuwa ba ruwansu da riga. Wani jandarma siriri ya zazzage jakata, ya ɗauko gwangwani, ya buɗe, warin daddawa ya mare shi.

"Mi ke ciki?"

"Ba komai, ranka ya daɗe."

"Wa ke ƙetare iyaka da ba komai a rufe? Mi za ka zuba?"

Ni ban iya ƙarya ga hukuma ba sai in ta kama. Na ce, "Mijin dawa."

Ya dube ni, ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Na maimaita. Suka zaunar da ni a gindin bedi, wato darbejiya, suna ƙwanƙwasa gindin gwangwanin ko yana da ɓoyayyen ciki, har motarmu ta gaji ta tafi da ragon. Can wani dattijo a cikinsu ya zo, ya saurari bayanina tun daga dabino, ya miƙo mini gwangwanin ya ce wa yaransa, "Ku bar shi ya wuce. Mai fasa-ƙwauri ba ya ƙaga irin wannan magana."

Da wata motar na ƙarasa Damagaram, na sauka gidan wani dillalin fatu da ke karɓar baƙin Najeriya. Mutumin kirki, sai dai ɗakin baƙin shi ne ɗakin ajiyar kirgi, don haka ni da gwangwanina ba wanda ya fi wani ƙamshi da gari ya waye. Aka kawo karin kumallo: burodi dogo kamar sandar makiyayi, da tauri irin nata, da kofi mai madara a kwano. Na yi ta fama da shi da haƙori har maigidan ya tausaya ya nuna mini tsomawa ake yi. Furarsu kuwa, da suke ce wa hura, ban taɓa shan irinta ba, gaskiya ɗaya ce. Mutane ne masu haƙuri da baƙo, ba sa gaggawar ciniki, kuma nairar da nake taƙama da ita sun karɓe ta da mutunci fiye da yadda suka karɓi rigata.

Da cigiya na gano gonar gwajin, tana bayan gari. Na isa rana tsaka na tarar da ƙofa a rufe, ko tsuntsu ba ya motsi. Mai gadi ya ce sai la'asar, ma'aikata sun tafi barci. Na ɗauka wasa yake yi. Ashe doka ce. A wurinmu ma ana barcin rana a ofis, amma a sace ake yi, su kuwa gwamnati ce ta yanka musu lokacinsa. Na shimfiɗa rigata a inuwa na bi doka.

Da la'asar aka haɗa ni da mai kula da dawa, Malam Isuhu, saurayi ne siriri da riga mai gajeren hannu. Ɗan manomin Matamaye ne da ya yi karatu a Faransa. Ya ce in biyo shi gona, mu yi magana yana aiki. Ga bazara ta ƙone ko'ina, amma su da injin ban-ruwa dawarsu kore shar, ta fitar da kai. Abin da ya ba ni mamaki, kusan kowace zangarniya an kifa mata jakar takarda an ɗaure, kamar matan kulle sun fito unguwa.

Hannun ɗan kasuwa ba ya ganin abu a rufe ya ƙyale. Malam Isuhu na duba wani layi, ni kuma na kwance ɗaya na leƙa, har na kaɗa ta in ji nauyi. Da ya waiwayo sai ya dafe kai.

"Alhaji, tun kaka nake tsare wannan yarinya don kada ƙurar kowa ta taɓa ta sai wadda na zaɓa. Ka zo ka yaye mata mayafi a tsakiyar maza."

Na ce in mayar. Ya ce a bari, aikin gama ya gama, ya ciro wuƙa ya sare ta. Ban taɓa jin kunyar kara ba sai ranar.

Duk da haka ya saurare ni. Na ba shi labarin buhun, da gonar Baffa, da gefen da ya yi ido, na fito da gwangwani na ajiye a gabansa. Bai yi dariya ba, sai dai na ga yana cizon leɓe. Ya ce ya gane dawar. Ragowar iri ce da ake ba leburori su ci, wani ya kai kasuwa a matsayin abinci, ba wanda ya taɓa cewa a shuka ta ita kaɗai.

"Rabin maganarka daidai ne," in ji shi. "Dawa ta gari kowane fure nata yana da namiji da mace, tana wadatar da kanta. Wannan kuwa ba ta yin bununi, ƙurar nan rawaya da ke zuba in dawa ta yi fure. Sai an kawo mata daga waje. Gefen da ya yi ido, iska ce ta kawo masa daga gonar maƙwabci."

Na gyara zama. "To ai shi na zo saya."

"Na dabino yana shekara a ajiye. Na dawa in ya zuba da hantsi, kafin azahar ya mutu. Ko ka cika gwangwanin nan, gawa za ka kai Gwaram."

Sai na kama wani reshen. Na ce to, ba komai, ai 'ya'yan da Baffa ya adana suna da uba, dawar maƙwabci ce, lafiyayya. Jinin uba zai gyara su.

Nan ya ja ni wani ɗaki, ya yanki ganye siriri ya sa a ƙarƙashin wani madubi mai bututu, ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Da farko gashin idona kawai na gani. Can sai ga ɗakuna jere kamar saƙar zuma, kowanne da 'yan ƙwayoyi kore-kore.

"Kowane ɗaki da ka gani gida ne," in ji shi. "A tsakiyarsa akwai akwatin gado, rabi daga uba, rabi daga uwa. Wannan shi kowa ya sani. Amma akwati kaɗai ba ya riƙe gida. Kore-koren nan tukwane ne, a cikinsu shuka ke dafa abincinta da hasken rana. Akwai kuma waɗanda suka fi su ƙanƙanta, su ne murhu, su ke ba ta ƙarfi. Wannan madubin ba ya nuna su."

Na ce ni ban saba sayen abin da ban gani ba. Ya dubi gwangwanin da na zo da shi. Na tuna abin da ya kawo ni, na ce ya ci gaba.

Ya faɗi sunayensu na boko, na sa ya maimaita har na riƙe ɗaya, wai mitokwandiriya, wato murhun. Ya ce tukwanen da murhun suna da ɗan gadonsu na kansu, ba a cikin akwatin yake ba. Sannan ya tambaye ni, "A Gwaram wa ke kawo tukunya gidan aure?"

"Amarya."

"Daga ina?"

"Daga ɗakin uwarta. Amma ango yana yin lefe, Malam, kada a ci mana fuska."

"Angon dawa ko lefe ba ya yi. Rabin akwati yake kawowa, ko ludayi ba ya haɗawa da shi. Tukunya da murhu duka daga uwa suke, ita ma daga uwarta. Haka yake a yawancin abin da kuke shukawa. Dawarka a murhu lahaninta yake. Wutarsa tana isa a yi kara da ganye da ƙwaya, amma in aka zo yin bununi sai ta gaza. Mu da gangan muke riƙe ta haka, don kada ta auri kanta, mu zaɓa mata wanda muke so."

Don kada in ce baki ne kawai, ya nuna mini wasu tsirrai a kasake. Akwai wata shuka mai ganye da zane fari, wadda wasu tukwanenta ba su da kore. In ita ce uwa, 'ya'yan sukan fito da zane, wasu ma farare fat su mutu da ƙuruciya. In ita ce ta ba da ƙura, uwar kuma kore ce, 'ya'yan duka kore, kamar ba su taɓa jin labarin ubansu ba. Na daɗe a tsugune gaban kasaken nan. Ni da nake cika baki a kasuwa cewa fatauci a jinin Barebari na gaje shi, sai na tuna mahaifina bai taɓa sayar da ko allura da riba ba. Inna ce ke sayar da man gyaɗa daga cikin gida, ba ta taɓa leƙa kasuwa ba, kuma ba ta taɓa faɗuwa ba.

Na ce, "To irin Baffa fa?"

"Kowace ƙwaya a ciki murhun uwarta ta ɗauko. Akwai uban da ke da abin da ke rufe lahanin, akwai wanda ba shi da shi. In dawar maƙwabcin mai rufewa ce, bana zai samu, har ya yi murna, baɗi kuma juya ta fara ɓullowa a cikin jikoki. In ba mai rufewa ba ce, gonar duka ƙaiƙayi. Da ido ba a ganewa, ni ma sai na shuka nake sani. Rufewa uba yake yi, Alhaji, ba ya canja murhu."

Ya ƙara da cewa in aka haɗa ta da uban da ya dace, 'ya'yan farko sukan yi amfani fiye da iyayensu, amma manomi ba zai ajiye iri daga cikinsu ba, sai ya dawo kowace shekara ya karɓi sabo. A nan ɗan kasuwar da ke cikina ya farka. Hajar da mai saye ba shi da zaɓi sai ya dawo? Na fara tambayar ko suna neman wakili a ƙasar Kano. Malam Isuhu ya nuna mini zangarniyar da ya sare saboda ni, tana yashe a ƙasa, ya ce, "Fara gyara gona ɗaya tukuna." Na haɗiye sauran maganar.

Washegari na ga gabas ta fara haɗa gira, iska na ƙamshin ƙasa. In ruwa ya riga ni Maruta, Baffa zai shuka. Ban tsaya sayen tsaraba ba sai cuku kaɗan na Inna. A iyaka jandarman nan siriri ya gane ni tun daga nesa. Ya buɗe gwangwani, ya leƙa, ya ce, "Alhaji, ina angon?" Na ce an fasa auren, an binciki asali. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya buga mini hatimi.

Motar da na samu daga Kano ta mutu a hanya, sai da muka tura ta da ni da rigar. Ban tsaya Birnin Kudu ba, na ɗauki babur na miƙe Maruta. Na tarar an yi yayyafi, Baffa na zaune a ƙofar gida yana gyara ƙotar sungumi, ƙwaryar irin nan a gefensa.

"Babarbare, an dawo? Ina surukin namu?"

Na zauna na kwashe masa duka, da akwati da tukwane da murhu. Na lura shiru ya yi yawa a bayan zana, alamar matarsa Goggo Dije tana ji. Baffa ya daɗe yana wasa da ƙwayoyin a hannunsa.

"Wato ko an kawo mata bijimin sarki, 'yarta halin uwar za ta ɗauko."

"Zai iya rufewa, Baffa, zai iya ƙin rufewa. Caca ce, kuma da rumbunka za a yi ta."

Ya ture ƙwaryar gefe. "Na ji. Wannan a kai wa turmi. To me zan shuka? Wani Babarbare ya zo bara ya kwashe mini irin gidana, ya kai tasha an tuƙa tuwo da shi."

Na ce zan nemo masa iri a kasuwa. Ya ce, "Daga hannun wa?"

Sai muka ji motsi a ɗakin girki. Goggo Dije ta fito da wani ƙullin zangarniyoyi da hayaƙi ya mayar baƙaƙe, ta ajiye a kan tabarma ba ta dubi kowa ba. Tsohuwar dawar ce. Baffa ya ce, "Ke, ba na ce a ba shi duka ba?"

"Naka ka ba shi. Wannan da shi aka kawo ni gidan nan, Innata ce ta ɗaura mini a cikin kaya. Kowace kaka ina zaɓen nawa in rataye a saman murhu, kai ba ka shiga can balle ka gani."

Ta murza ɗaya, ƙwaya ta zubo lafiya lau, ko ƙwaro bai taɓa ba. Ta dubi gwangwanin da ke hannuna, ta karɓa ba ta tambaya ba, ta gwada murfin, ta ce zai yi ajiyar iri. Ni kuwa hali zanen dutse, na ce, "Goggo, ko za a sayar mini da cikin gwangwanin nan ɗaya? Irin da ya jure hayaƙi da fari zai yi kasuwa."

"Ba na sayarwa ba ne, 'ya'ya mata ake ba wa. Kai da ka je har Damagaram, da me aka ce maka namiji yake zuwa?"

"Da kansa kawai, Goggo."

"To, koma da kanka."

Haka na koma. Kwanan baya na je Maruta da hantsi, dawar ta fi ni tsawo ta fitar da kai. Na kama zangarniya ɗaya na kaɗa, ƙura rawaya ta zubo mini a rigar nan da rago ya ɗanɗana, ban kakkaɓe ba har gida. Abin da ya rage mini yanzu shi ne Inna. Na saya mata sabon gwangwani, ta juya shi ta ce murfinsa bai kai na wancan ba, kuma wancan na uwarta ne.